Taswirar Gayya da Hatimin Hukuma

Akwai wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, da ya shekara biyu yana wani abu da mutanen gida suka ɗauka zaman banza ne. Kullum da la'asar sai ya ɗauki salularsa ya bi lungunan unguwa. Ya tsaya bakin kwalbati ya latsa, ya tsaya gaban famfo ya latsa, ya tambayi mai shayi sunan da ake kiran wannan layi da shi. Da dare kuma ya zauna gaban wata tsohuwar kwamfuta yana zana gidaje ɗaya bayan ɗaya a kan hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko. Kuɗin intanet daga aljihunsa suke fita, wani lokacin daga nawa. Mahaifiyarsa ta sha tambayata wa ke biyansa. In na ce babu, sai ta girgiza kai ta ce Allah ya shirya.

Bayan wata damina da ruwa ya yi mana ɓarna, aka gayyaci gidan rediyonmu taro a wani otal, inda wata hukuma za ta gabatar da taswirar wuraren da ambaliya ke yi wa barazana a garinmu. Na tafi da shi don ya riƙe mini na'urar ɗaukar murya. Aka rage fitilu, aka haska taswira a bango, kyakkyawa, ga tambarin hukumar a sama, ga tambarin masu ba da tallafi jere a ƙasa. Ana cikin tafi sai ya taɓo ni.

"Yaya, ka ga rijiyar can ta kusa da maƙabarta? Ni na sa ta."

Na ce masa rijiya ai rijiya ce, kowa na iya sa ta. Ya ce in dubi rubutun. Na duba, sai na ga an rubuta "rigia", irin rubutun ƴan lakwal da suka saba rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci. Kuskurensa ne. Ya ce tun tuni yake son gyarawa, mantuwa ta hana. Muka bi kusurwoyin taswirar huɗu da ido, babu inda aka ce ga wurin da aka ɗebo ta.

Da aka tashi na tare jami'in da ya yi jawabi, na miƙa masa makirfo, na tambaye shi. Bai ɓata rai ba, bai yi kame-kame ba. Murmushi ya yi ya ce: "Ai kyauta ce, a intanet take, kowa na iya ɗauka. Kuma mu ba don kanmu muka ɗauka ba, don al'umma muka ɗauka." Na yi masa godiya na kashe na'ura. Wannan amsa ita ta bi ni har gida, don duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma raina ya ƙi kwanciya da ita. Shi ya sa nake son mu tauna ta tare da mai sauraro, wato mai karatu, a yi mini afuwa, sabo ne na aiki.

Taswirar da ƙanena ke zanawa sunanta OpenStreetMap. Wani matashi ɗan Ingila, Steve Coast, ya fara ta a 2004, kuma abin da ya tunzura shi ya shafi maganarmu kai tsaye. A lokacin hukumar safiyo ta Birtaniya tana da taswirori masu kyau ƙwarai, amma in kana son ka yi aiki da su sai ka biya, kuma ko ka biya akwai iyakar abin da aka yarda ka yi. Sai ya ce to mu zana tamu. Mutane suka riƙa yawo a kan keke da na'urar gano wuri suna bin tituna, suna haɗa abin da suka samu wuri guda. Yau waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 10, ko da yake masu zanen kullum kaɗan ne daga cikinsu. Ƴan sa-kai ake ce musu, amma kada hankalin mai karatu ya tafi ga masu bindigar gargajiya, waɗannan makaminsu salula ce.

Duniya ta san da zamansu ne a watan Janairun 2010, da girgizar ƙasa ta rusa babban birnin Haiti. Cikin ƴan kwanaki ɗaruruwan mutane daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan birnin da sansanonin waɗanda suka rasa muhalli, masu aikin ceto suka riƙa bin wannan zane. A 2014 da cutar Ebola ta ɓulla a Gini, ƙungiyar Likitocin Na-gari Na-kowa ta nemi a zana mata garin Gekedu da kewayensa, aka zana. Daga nan kamfanoni irin su Facebook da Amazon suka shiga ɗiba, gwamnatoci ma haka.

Kuɗi dai ba sa karɓa. Amma sun gindaya sharaɗi, wanda tun watan Satumban 2012 yake cikin wani lasisi da ake kira ODbL. In aka tace shi daga yaren lauyoyi abu biyu ne. Na farko, ka faɗi inda ka ɗebo: layi guda a gefen taswira mai cewa daga masu ba da gudummawa ga OpenStreetMap ta fito. Na biyu, in ka ɗauki bayanan ka gyara su ko ka cakuɗa naka a ciki, sannan ka fito da aikin bainar jama'a, to gyararrun bayanan ma su zauna a buɗe ga kowa bisa wannan sharaɗi. Kana iya buga taswirar ka sayar, ba wanda ya hana ka. Kana iya aiki da ita cikin ofishinka ba wanda ya ji. Abin da ba a yarda ba shi ne ka ɗiba daga buɗaɗɗen wuri ka kai ka kulle.

To mu koma ga jami'in nan, mu ba shi haƙƙinsa tukun. Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Garuruwanta na girma da saurin da babu ofishin safiyon da zai iya bi. Unguwar da bara gonar gero ce, bana gidaje ne da masallaci da injin niƙa. A watan Satumban 2020 kogin Isa ya kai kimanin mita 7 a Yamai, ruwa ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga. A irin wannan dare, jami'in da ke da taswira mai nuna kowane lungu a gabansa, ya ƙi aiki da ita wai don ba ofishinsa ya zana ba, ai ya yi laifin da ya fi na rashin ambaton suna. Saboda haka ban ga aibu a ɗibar ba. Masu zanen ma don a ɗiba suka zana. Ƙanena da kansa ya ce mini daɗi ya fara ji kafin takaici ya biyo baya.

Inda muka raba hanya da jami'in shi ne a kalmar kyauta. Shi a wurinsa kyauta ita ce abin da ba shi da mai shi, kamar tsintuwa a bakin hanya. A garinmu kuwa mun san wani nau'in abu da ba a sayarwa amma yana da ƙa'ida. Rijiyar gari ba ta da farashi. Kowa ya zo da gugansa ya ja. Amma ranar yasa kowa zai fito, kuma ba wanda zai zagaye ta da shinge ya ce daga yau sai da izininsa. Aikin gayya ma haka yake: ba a biyan kowa, fura da tuwo ne kawai, amma wanda aka yi wa gayya bana ya san cewa in aka buga gangar wani baɗi zai ɗauki hauyarsa ya je. Ba a rubuta wannan a takarda ba, kuma wanda ya karya shi ba kotu ake kai shi ba. Sanin da aka yi masa ne hukuncinsa. Lasisin nan da ake magana, a ganina, ƙa'idar bakin rijiya ce aka rubuta ta don baƙin da ba su san juna ba.

Abin da ya faru a otal ɗin nan kuwa kamar hukuma ce ta zo da tankar ruwa, ta cika a rijiyar gari, ta shafa wa tankar fenti da sunanta, ta shiga unguwa tana rabawa ana yi mata godiya. Ruwan ya kai ga masu ƙishi, wannan gaskiya ne. Amma kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Wani zai ce wannan duk son a sani ne, mai aiki don Allah me zai yi da suna? Na ji wannan daga bakin wani abokin aikina, kuma na ga kamar da gaskiyarsa, har sai da na tuna da namu aikin. Darasin farko da aka koya mana a makarantar aikin jarida shi ne kada ka karanta labari ba ka ce in ji wane ba. Ba don a faranta wa wanen ake yi ba. Don mai sauraro ya san nauyin da zai ɗora wa maganar ne, kuma in kuskure ya fito a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Layin nan guda da aka goge daga gefen taswira, sunan ƙanena ma ba ya ciki, sunan taron masu zanen ne gaba ɗaya. Amfaninsa shi ne duk wanda ya kalli taswirar ya gane cewa mutane irinsa ne suka zana ta, cewa in ya ga an sa kwalbati inda babu yana iya shiga ya gyara da hannunsa a daren nan. Da aka goge layin sai taswirar ta koma abin da ya sauko daga sama, wanda talaka ke kallo ya yi shiru. An ɓoye wa mutane cewa suna da hannu a cikin abin da ake mulkinsu da shi. Wannan ya fi cin haƙƙin yaro ɗaya girma. Kuma ko ba komai, yaba kyauta tukuici, tukuicin nan bai wuce tawadar layi guda ba.

Sharaɗi na biyu, na mayar da abin da ka gyara, shi ne mai wuya, kuma a nan ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba: akwai gwamnatocin da suka ƙi shi bisa hujja mai ƙarfi.

A Amurka doka ta ce abin da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka samar a bakin aikinsu ba shi da haƙƙin mallaka, na kowa ne ba tare da wani sharaɗi ba. Shi ya sa daga 2007 masu OpenStreetMap suka kwashi bayanan titunan ƙasar gaba ɗaya daga hukumar ƙidayar jama'a suka zuba a tasu taswirar. Amma ita hukumar ba ta iya kwasar gyaran da suka yi ta mayar cikin nata, domin da ta yi haka sai sharaɗin ya hau kan kayan da ake son su zauna ba sharaɗi. Ka ga a can ruwan daga gwamnati yake gangarowa zuwa ga ƴan sa-kai, kuma sharaɗinsu ne ya tare masa hanyar komawa. Wanda ya ce wannan ba daidai ba ne, bai yi wauta ba.

A Faransa kuma har gayyar aka yi tare. A watan Afrilun 2015 hukumar taswirar ƙasar da hukumar gidan waya da wani sashe na gwamnati da ƙungiyar masu OpenStreetMap ta ƙasar suka ƙulla yarjejeniyar haɗa kundin adireshin ƙasa guda ɗaya, mai adireshi kimanin miliyan 25. Aka yi shekaru ana ja-in-ja a kan lasisi. Daga ƙarshe gwamnati ta yanke cewa daga 1 ga Janairun 2020 kundin zai koma ƙarƙashin nata buɗaɗɗen lasisin, wanda ambaton tushe kawai yake nema, babu tilascin mayarwa. Hujjarsu ita ce adireshi abu ne da motar asibiti da ƴan kwana-kwana da ɗan ƙaramin kamfani duk ke buƙata, bai kamata a ɗaura masa igiyar da za ta sa wani ya ji tsoron taɓawa ba.

Na yarda da wannan hujja a bakin waɗanda suka faɗe ta. Amma a duba su wane ne. Waɗannan gwamnatoci ne da suka buɗe nasu rumbun. Birtaniyar da ta tunzura Steve Coast ta saki wani ɓangare na taswirorinta kyauta a watan Afrilun 2010. Faransa ta yarda tun 2009 a riƙa kwafar zanen filayenta ana sawa cikin OpenStreetMap, kuma daga farkon 2021 hukumar taswirarta ta saki bayananta na jama'a kyauta. Wanda ya buɗe rumbunsa yana da bakin da zai ce sharaɗinku ya yi tsauri, mu sassauta. Wanda nasa rumbun ke kulle, kuma makullin na aljihun wani da ya tafi taro, in ya ce sharaɗin ya yi tsauri, abin da yake nufi daban ne.

Na gwada da kaina. Bayan taron na koma ofishin hukumar na nemi bayanan da suka ƙara a kan taswirar: sababbin magudanan da aka gina, da inda ruwa ya tsaya a kowace unguwa. Aka ce in rubuto takarda. Na rubuta. Aka ce mai sa hannu ba ya nan. Da ya dawo aka ce bayanan suna hannun ƙwararren da aka ɗauka kwangilar aikin, kwangilar kuma ta ƙare. Ko lasisin ya tilasta musu sakin ma'aunin ruwan, lauyoyi na iya jayayya, don in an ajiye bayani daban ba a cakuɗa shi da na taswirar ba, sharaɗin bai hau kansa ba. Ni ba lauya ba ne. Abin da na gani shi ne an biya wani ya ɗauki aikin yaran da ba a biya ba, ya ɗora nasa, sannan nasan ya shige aljihun tebur, alhali da kuɗin jama'a ko da sunan jama'a aka biya shi. A nan kalmar al'umma da jami'in ya kafa hujja da ita ta juyo kansa. In don al'umma aka ɗiba, me ya hana al'umma ganin abin da aka ƙara?

Akwai wani abu da su masu taswirar suka yi wa kansu da ya sa nake ganin sharaɗinsu da daraja. Kafin 2012 wani lasisi daban suke amfani da shi. Da suka so canzawa, ba su ce ai mu ne masu rinjaye ba. Sai da suka nemi yardar kowane mutum da ya taɓa zana wani abu. Wanda ya ƙi, ko aka neme shi ba a samu ba, aka goge aikinsa. Abin da aka goge bai wuce kashi 1 cikin 100 ba a duniya, amma a ƙasashe irin su Ostireliya da Polan ya bar manyan ramuka, sai da aka sake zana tituna daga farko. Sun gwammace su yi asarar aikin shekaru da su riƙe abin da mai shi bai yarda ba. Malaman fiƙihu sun ba sharaɗin mai waƙafi irin wannan nauyi: abin ya fita daga hannunsa, amma maganar da ya faɗa lokacin da yake bayarwa tana nan tana aiki. Mutanen da suka ɗaure kansu haka, ban ga ta inda ofishi mai lauyoyi da kasafin kuɗi zai ce layi guda ya yi masa nauyi ba.

Kuma a lura, ƙanena ba zai taɓa kai kowa kotu ba. Jami'in ya san haka, ni ma na sani. Shi ya sa nake ɗaukar maganar ta ɗabi'a ce kafin ta zama ta shari'a. Gwamnati ita ke ce mana mu sabunta lasisin tuƙi, mu biya kuɗin rumfar kasuwa, mu girmama takardar fili. Rana ɗaya tak aka juya, talaka ne ya rubuta sharaɗi, ita ce za ta bi, kuma babu ɗan sandan da zai tsare ta in ta ƙi. Abin da mai ƙarfi ya yi a irin wannan rana shi ke nuna ko da ma doka yake girmamawa ko ƙarfinsa.

Sai dai akwai gefen maganar da lasisin bai taɓo ba sam, kuma shi ne ya fi hana ni barci.

Hukuma na da abin da ɗan sa-kai ba shi da shi: hatimi. Layin da ƙanena ya ja a kwamfuta ra'ayinsa ne game da abin da ya gani, gobe wani na iya gogewa. Masu taswirar ma sun faɗa ƙarara cewa ba su ɗauki alhakin ingancin kowane layi ba. Amma da zarar hatimi ya hau kansa ya zama hujja. A ƙasar da tun 1993 take da dokar karkara da kwamitocin filaye don raba gardamar manomi da makiyayi, kowa ya san abin da kuskuren taku ashirin a iyakar burtali ke iya jawowa. Ba tawada ake zubarwa a irin wannan rigima ba. Saboda haka hukumar da ta ɗauki zanen sa-kai ta buga masa hatimi, ta ɗauki alhakin zuwa ta taka wurin da ƙafarta. In ta yi haka ta ƙara wa gayyar abin da babu mai iya ƙarawa sai ita. In ba ta yi ba, ta ari zane ne ta ɗaura, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Ina tsoron ranar da kyautar yaran nan za ta zama uzurin da za a rage wa ofishin safiyo kasafi, a ce ai ga ta nan a intanet.

Sannan ga jan launi. A taswirar da aka haska mana, gidajen da ke cikin kwari an shafe su da ja. Da yawansu ƙanena ne ya zana su, kuma ya zana su ne don in ruwa ya zo a san akwai mutane a wurin. Masu gidajen sun ba shi ruwa ya sha, wata tsohuwa har ta nuna masa inda ruwan bara ya tsaya a jikin bangonta. A hanyarmu ta komawa, muna bisa kabu-kabu ɗaya, ya ce mini: "Yaya, in aka zo rusa su, da taswirata za a zo." Ban sami amsar ba shi ba har muka sauka.

Lasisin bai hana wannan ba, kuma da gangan ne. Buɗaɗɗen abu ba ya zaɓen mai ɗauka. Zanen da zai nuna wa kwalekwalen ceto hanya shi ne zai nuna wa motar rusau. Ba kuma zan ce kada a taɓa tashin kowa daga bakin ruwa ba, na ga ɗakin laka da ya faɗa wa masu shi cikin dare, ba na fatan sake gani. Amma mutumin da ba ya kan taswira yana da wata kariya ta rashin ganuwa, ko da kariya ce mai tsada, wadda ke hana shi famfo da asibiti. Wanda ya sa shi a taswira ya cire masa ita. A unguwar Kibera ta Nairobi, a 2009, matasan unguwar ne da kansu suka zana ta, suka sa famfunan ruwa da makarantu da ɗakunan shan magani a wurin da taswirori ke nunawa kusan fanko. Sun yi haka ne don a gan su a matsayin masu haƙƙi. Hukumar da ta karɓi irin wannan zane ta karɓi amanar da ke bayansa, ko lasisi ya faɗa ko bai faɗa ba. Mafi ƙarancin abin da ya hau kanta shi ne, kafin jan launi ya zama umarni, ta koma wurin tsohuwar nan ta zauna da ita, ta nuna mata taswirar, ta ji ta bakinta, ta faɗa mata inda za ta koma. Wanda ya goge sunan tushe daga gefen takarda, da wuya ya tuna cewa a bayan kowane murabba'i akwai ƙofar da aka buɗe wa wani yaro.

Na so in yi shiri a kan wannan a rediyo. Na gayyaci jami'in, ya amsa, ranar ta zo aka ce tafiya ta kama shi. Sai na yi da ƙanena da wasu abokansa biyu, ɗaya ɗalibar jami'a ce, ɗayan mai gyaran salula. Masu sauraro suka yi ta bugowa. Wani dattijo ya tambaya ko ana iya sa rijiyar ƙauyensu da ta kafe, don masu haƙa su san da ita. Wani ya ce shi kada a kuskura a sa shagonsa, masu haraji sun ishe shi haka nan. Wata mata ta ce sunan da aka rubuta wa layinsu ba shi ne sunansa ba, sunan wani attajiri ne da ya tare jiya-jiya, layin kuwa tun kakanni da sunan masu rini ake kiransa. Ɗalibar ta gyara shi nan take muna kan iska, ta karanta mata, matar ta yi guɗa har sai da mai kula da sauti ya rage murya.

Na tambayi ƙanena ko zai daina. Ya ce in ya daina, kwalbatin da aka gina bayan gidansu wa zai sa shi? A daren nan ya gyara "rigia" ta koma "rijiya", ya ƙara da cewa tana da murfi kuma ruwanta na sha ne.

Kwanan baya aiki ya sake kai ni ofishin hukumar nan. Sun buga taswirar babba, sun sa ta cikin gilashi a bangon ɗakin jira. Na matsa kusa na nemi maƙabarta, na gangara da yatsa. Tana nan yadda take, "rigia", kuma layin masu rini har yanzu sunan attajirin yake ɗauke da shi.